Talatin da Ɗaya ga Fabrairu

Ranar da Na-Iya ya dawo daga kwas ɗinsa na kwamfuta na mako shida, ya shigo kamfaninmu da takardar shaida a cikin firam, da jakar kwamfuta a kafaɗa, da wani tabarau wanda na ado ne, ba na gani ba. Ko gaisuwa bai gama ba ya fara neman ƙusa. Ya cire kalandar da ke bangon ofishina ya jefa ta bayan kabad, ya rataye takardarsa a gurbinta, ya ja da baya yana kallonta hannu a ƙugu.

Kamfanin na ƙyanƙyasar 'yan tsaki ne. Muna zuba ƙwai a inji, bayan kwana ashirin da ɗaya su fito suna kuka, masu kiwo su zo su kwashi abinsu a ranar. Mai kamfanin Hajiya ce, yayar Na-Iya, wadda ta rene shi tun yana rarrafe bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita Auta take ce masa. Mu kuwa ma'aikata Na-Iya muke kiransa, don duk abin da aka ambata a gabansa, daga gyaran jirgin sama zuwa karɓar haihuwa, amsarsa ɗaya ce.

Ni ce na rubuta manhajar da kamfanin ke aiki da ita, shekara biyar da suka wuce. Ba wani abin a zo a gani ba ce, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Yaren da na rubuta ta da shi na harkar kasuwanci ne, kuma ya zo da shiryayyun umarninsa a ciki, kamar yadda keken ɗinki ke zuwa da allurarsa. Kana son kwanan watan yau, akwai umarninsa. Kana son ka ɗora kwana ashirin da ɗaya a kan wata rana, layi ɗaya ne. Haka lambar rasit wadda ba ta maimaituwa, haka lissafin kwali, haka aika saƙon waya. Ka kira, ya amsa, ka wuce wurin.

A makon da ya dawo ne Hajiya ta tara mu ta ba mu albishir. Wata ƙungiyar mata masu kiwo, su arba'in, sun amince za su riƙa karɓar 'yan tsaki dubu goma a wurinmu duk wata har tsawon shekara. Shekara uku tana bin wannan ciniki, har da jinginar da motarta ta ƙaro inji na biyu dominsa. Sharaɗin shugabar ƙungiyar ɗaya ne: kashin farko ya zo a ranar da aka faɗa, in aka saɓa, su koma wani kamfanin. Daga nan ta ce ta naɗa Auta shugaban sashen kwamfuta. Sashen kwamfuta kuwa tebur biyu ne da fanka guda.

Da rana ya zauna a kujerata ya buɗe manhajar, yana karantawa yana girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

"Malama, wannan duk ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Ba ke ba ce. Kiran na wasu kawai kika yi. Nan shiryayyen umarni, nan shiryayyen umarni. Wannan ai aikin raggaye ne. Shi wanda ya rubuta umarnin nan, kin san shi? Ya taɓa ganin kaza?"

"Bai taɓa ganin kaza ba wataƙila, amma ya ga kalanda."

"To ni ba na cin abin da wani ya tauna. Zan cire su duka in rubuta nawa daga tushe. In na gama, kamfanonin waje ne za su zo su yi layi a ƙofar nan suna roƙon in sayar musu."

Washegari na tarar ya canza lambar sirri, ya mayar da ni teburin amsa waya. Na kai ƙara wurin Hajiya. Ta kama hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, Malama, ki bar shi ya taɓa. Kwas ɗin nan ne karo na farko da ya fara abu ya kai ƙarshensa." Na ce to. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wanda ya shiga tsakanin Hajiya da Autanta shi zai kwana a ciki.

Ya fara da lambar rasit. Nasa tsarin shi ne a ɗauki awa da minti a manna su, shi ke nan lamba ta samu. Kwana biyu abin ya tafi lafiya, yana ta yawo a harabar kamfani yana hura hanci. Ran na uku wani mahauci da wata ma'aikaciyar jinya suka yi oda a minti ɗaya, ɗaya ta waya, ɗaya a ofis. Ranar karɓa kowannensu ya zo da rasit mai lamba goma sha ɗaya da arba'in, kwali kuma ɗaya ne aka ware. Mahaucin ya kama gefe, matar ta kama gefe, 'yan tsaki na ihu a ciki.

"Sakar min kayana, Malam!"

"Kayanki a ina? Ga lambata!"

"Ga tawa!"

Na-Iya ya fito ya karɓi takardun biyu, ya ɗaga su sama yana dubawa ta cikin tabaransa.

"Matsalar daga wajenku take," in ji shi. "Me ya sa za ku yi oda a minti ɗaya? Duk faɗin yinin nan?"

Mahaucin ya saki kwalin ya fara naɗe hannun riga. Da ƙyar Baba mai inji, dattijon da ke kula da ɗakin ƙyanƙyasa tun kafa kamfanin, ya fito da wani kwalin ya raba gardama. Maganin da Na-Iya ya kawo shi ne ya manna takarda a kan teburina: kada a karɓi oda biyu a minti ɗaya. Sai na koma ina ce wa masu saye su dakata agogo ya motsa.

Na biyu lissafin kwali ne. Kwali ɗaya tsaki hamsin yake ci. Wanda ya sayi ɗari da ashirin, ko yaron goye ya san kwali uku ne. Umarnin Na-Iya ya raba ɗari da ashirin gida hamsin, ya samu biyu, ya yi watsi da saura. Direbanmu, mutum mai bin takarda sau da ƙafa, ya ɗauki kwalayen da aka rubuta masa, ragowar tsakin kuma ya rasa inda zai kai su. Ya zuba wasu a hularsa, wasu a akwatin gaban mota, wasu a kan kujera. Da yamma ya dawo da kashin kaji har a gemu.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Na-Iya, "shekara goma sha takwas ina tuƙi, ban taɓa taka birki ina neman gafarar abin da ke ƙarƙashinsa ba sai yau."

"Ƙaramin abu ne. Na iya gyara shi a tsaye."

Ya kuwa gyara a tsaye. Ya ce duk abin da lissafi ya bayar, a ƙara ɗaya. Washegari wanda ya sayi ɗari cif ya samu kwali uku, biyu cike, ɗaya wayam. Mutumin ya buɗe na ukun a gaban jama'a, ya ga ba komai, ya shaƙe wuyan Direba yana cewa ya fito masa da tsakinsa hamsin da ya sace a hanya. Direba ya dawo ba maɓalli ko ɗaya a rigarsa, ya ajiye makullin mota a teburin Hajiya, sai da ta ba shi baki na awa guda kafin ya ɗauka.

Na sake samun Hajiya. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ai yana koyo." Na ce a raina, yana koyo, mu kuma muna biya da rigunanmu.

Sai aka zo kan kwanan wata, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar gaba ɗaya. Duk ranar da aka zuba ƙwai, manhaja ce ke lissafa ranar ƙyanƙyasa ta aika wa mai saye saƙo ya san ranar zuwansa. Na-Iya ya goge layina guda ɗaya, ya kwashe kwana huɗu yana rubuta nasa, layi ɗari uku da wani abu. Ya kira ni in gani, ba don in duba ba, don in yaba.

"A nan ka ce kowane wata kwana talatin ne," na ce masa.

"To nawa ne? Je ki titi ki tambayi kowa, wata kwana nawa ne, ki ji."

"Wasu talatin da ɗaya ne."

"Wannan ɗan bambancin ba ya kashe kowa. Ku matsalarku ke nan, tsoron ƙananan abubuwa."

Ƙwan da aka zuba ran sha biyar ga Janairu suka fashe ran biyar ga Fabrairu, kamar yadda Baba ya rubuta da alli a jikin tire, don shi bai taɓa daina rubutunsa ba. Saƙon Na-Iya kuwa ya ce wa masu saye su zo ran shida. Tsaki dubu biyu suka fito, babu mai karɓa. Ɗakin ajiya ya cika, muka jera kwalaye a ofis, a baranda, har a kan teburin Hajiya. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta taga ya ce shi ba ya jin ƙarar kekensa. Mai kantin magani ya aiko a tambaya ko lafiya. Ni kuwa na yini ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ina toshe kunne ɗaya da yatsa.

Na-Iya ya tsaya a tsakiyar ofis yana kallon kwalayen da fushi.

"Baba, ƙwan nan sun yi gaggawa."

"Ƙwai ba ya gaggawa, ɗana. Ƙwai ba shi da wurin zuwa."

"To ta yaya za su fito ran biyar alhali manhaja ta ce shida?"

"Wataƙila ba ka aika musu saƙon ba," in ji Baba, ya ci gaba da sharar gabansa.

Hajiya a ranar ta ɗan ɗaga murya. Ta ce Auta, saura mako guda a zuba ƙwan ƙungiya, ba na son wasa. Ya dafa ƙirji ya ce ya riga ya gano inda gizo ke saƙa. Na yi zaton zai mayar da layina. Ina! Zama ya yi ya goge talatin ya rubuta talatin da ɗaya, ya rufe kwamfutar kada in gani, ya ce an wuce wurin har abada.

Ran sha biyu ga Fabrairu aka zuba ƙwan ƙungiya, injin nan biyu suka cika maƙil. Hajiya da kanta ta tsaya ana jerawa, tana addu'a a kan kowane tire. Baba ya ɗauki allinsa ya rubuta biyar ga Maris. Saƙo kuma ya tafi wayoyin mata arba'in, ba wanda ya ga abin da ke cikinsa sai mai shi.

Makonni biyu aka yi shiru, har Na-Iya ya buga wa kansa katin kasuwanci mai ruwan zinare. Ran ɗaya ga Maris da safe wayar teburina ta yi ƙara. Wani tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya koma kiwo, mutum mai magana a tsanake.

"'Yata, ina da tambaya, kada ki ga kamar na cika bincike. An aiko min saƙo in zo in karɓi tsakina ran talatin da ɗaya ga Fabrairu."

Na ce, "Na'am?"

"Talatin da ɗaya ga Fabrairu. Jiya ashirin da takwas, na kwanta ina jiran ashirin da tara, na tashi na ga ɗaya ga Maris. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa riskar wannan rana ba. Shi ne na ce ko ku can kuna da ita, in zo in gani kafin in mutu."

Na ba shi haƙuri na ajiye wayar. Na ɗauki biro na lissafa a bayan ambulan. In Fabrairun Na-Iya kwana talatin da ɗaya ne, to ya ce wa ƙungiya su zo ran biyu ga Maris. Gobe ke nan. Ƙwai kuwa saura kwana huɗu.

Na same shi yana goge tabarau. Na ajiye masa ambulan ɗin a gaba. Ya duba, ya sake dubawa.

"Wannan Fabrairun dama ba wata ba ne na kirki," in ji shi. "Kowane wata ya cika, shi kaɗai ya tsaya a hanya. Laifina ne?"

"Ba ni lambar sirri in mayar da komai yadda yake. Minti goma ya ishe ni."

"Allah ya kiyaye. Saƙon gyara kawai zan aika. Na rubuta nawa umarnin aika saƙo, ya fi na da sauri nesa ba kusa ba."

Hajiya ta tafi sayo allurar rigakafi a ranar, sai na kira ta na faɗa mata. Ta yi salati, ta ce in ba ta Auta. Ina ji yana ce mata, "Yaya, kwantar da hankalinki, na aika, duk su arba'in sun samu." Ta ce alhamdulillahi. A nan ni ma na yi nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Ya kamata in nemo lambar shugabar ƙungiyar in kira ta da bakina. Amma zuciya ta ci ni, na ce tun da shi ne shugaban sashe, ya ji da kayansa. Da na sani ƙeya ce.

Abin da ya rubuta, kamar yadda muka gani daga baya, shi ne: "Muna sanar da ku cewa ranar biyu ga Maris ba ta tabbata ba, ku zo ran biyar." Abin da bai sani ba shi ne, umarnin nasa mai sauri yana da wani ɗan aljihu da ba ya cin fiye da kalma tara. Saƙon da ya isa wayoyin matan ya tsaya a kan "Maris". Suka karanta, suka ce kai, kamfanin nan akwai cika alkawari, har da tuni.

Washegari ƙarfe tara na safe motoci uku suka tsaya a ƙofarmu. Mata arba'in suka sauko, kowacce da kwalayenta, wasu da goyo, wasu tun asuba suka baro gida. Sun share ɗakunan kiwo, sun kunna wutar ɗumama su, sun sayi abinci, sun yi hayar mota. A gabansu Shugaba ce, doguwar mace mai ƙaramar murya, wadda ba ta maimaita magana. Mai ɗinki ya bar kekensa ya fito, mai kantin magani ya jawo benci, masu wucewa suka tsaya.

Hajiya ta fito daga ofis, ta ga motocin, ta dafa bango.

Kafin ta buɗe baki Na-Iya ya sha gabanta, kwamfuta a hannu, murmushi har kunne. Na rantse ban taɓa ganin ƙarfin hali irin na bawan Allahn nan ba.

"Barkanku da zuwa, iyayena! Kun zo a daidai. Ga shi nan a rubuce." Ya juya musu fuskar kwamfutar. "Kun gani? An ƙyanƙyashe, dubu goma. A tsarin manhaja, tsakinku sun riga sun fito."

Shugaba ta sunkuya ta duba, ta miƙe, ta karɓi kwali daga hannun wata ta ajiye a gabansa.

"Madalla. Zazzage mana su a nan."

Dariya ta ɓarke a bayanta. Wata ta ce, "A bar min masu ƙiba, ɗan nan!" Wata ta ce ita nata a tura mata ta waya, ta huta da kuɗin mota.

"A'a, ku fahimce ni," in ji shi, gumi ya fara tsattsafo masa. "Akwai ɗan saɓani tsakanin manhaja da ƙwai. Manhajar daidai take. Ƙwan ne ba su bi tsari ba."

"Muna son mu ga ƙwan da ba su bi tsari ba," in ji Shugaba.

Aka ɗunguma ɗakin ƙyanƙyasa. Baba ya buɗe labulen tagar inji, ga ƙwai nan jere reras, farare tas, ko tsaga babu, ga rubutun alli a jikin kowane tire. Shugaba ta karanta a fili: biyar ga Maris.

A nan ne Na-Iya ya samu wahayinsa na ƙarshe. Idonsa ya yi haske, ya ɗaga yatsa.

"An gama! Baba, a zafi nawa injin yake?"

"Talatin da bakwai da rabi."

"Saura kwana nawa?"

"Uku."

"To lissafi ne mai sauƙi. Kwana uku a talatin da bakwai daidai yake da kwana ɗaya a ɗari da goma sha ɗaya. In muka ƙara a kan haka, kafin la'asar sun fito. Iyayena, ku samu inuwa ku zauna."

"Dafa mana su zai yi!" wata ta ƙwala ihu daga baya. "Jama'a, ku kawo gishiri!"

Ya miƙa hannu wajen maɓallin zafi. Baba, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa ko kaza murya ba, ya ɗauke shi da bayan tsintsiya a kan yatsu, ji kake tau! Na-Iya ya yi tsalle da baya yana yarfe hannu, ya ci karo da keken da aka jero sabbin ƙwai na zubin gobe, keken ya tafi, shi ma ya bi shi. Kiret goma sha biyu suka sauko masa ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna daɓas a tsakiyar ɗaki, gwaiduwa na gangarowa daga kansa zuwa tabarau, hannu ɗaya a sama yana riƙe da kwamfutar kada ta jiƙe.

"Wa ya ajiye keken nan a nan?" ya ce. "Wannan ba tsari ba ne!"

Mai ɗinki ya yi dariya har ya durƙusa. Matan wasu na riƙe ciki, wasu na share hawaye da gefen mayafi. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, Hajiya da Shugaba.

Hajiya ta bi ta har bakin mota. Ina kusa, na ji komai.

"Don girman Allah, Shugaba, kwana uku kawai. Ni zan biya motocin, ni zan kawo muku su har gida da kaina."

"Hajiya, ba ni da haufi a kanki, kuma ƙwanki lafiyayyu ne, na gani. Amma matan nan da kike gani, wata ɗan kunnenta ta sayar ta shiga kiwon nan. Ni na tsaya musu. Ba zan ɗora su a kan gidan da sai an yi gardama kafin a san tsawon wata ba." Ta ciro wayarta, a gaban Hajiya ta kira ɗaya kamfanin, ta tambaya ko suna da dubu goma a wannan makon. Suka ce suna da shi.

Motocin suka tashi. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa har suka sha kwana, sannan ta juyo ta wuce ƙaninta ko kallonsa ba ta yi ba. Wallahi na tausaya mata, har na ji kunyar haɗa ido da ita.

Ran biyar ga Maris da hantsi, tsaki dubu goma suka fito cif, lafiyayyu, masu ƙarfin murya, babu mai saye. Muka cika ɗakin ajiya, da ofis, da baranda, mai ɗinki ya ara mana rabin shagonsa. Direba ya yi ta zagaye kasuwanni yana sayarwa a kan duk abin da aka taya.

Da azahar Hajiya ta shigo sashen kwamfuta, ta tsallake kwalaye, ta ce wa Auta ya faɗi lambar sirri. Ya faɗa, kansa a ƙasa. Na zauna na goge layinsa dubu huɗu, na mayar da nawa 'yan ƙalilan. Ko shayin da na zuba bai huce ba na gama. Manhajar ta farfaɗo, abin da ta fara nunawa kuwa shi ne jadawalin ƙungiya na sauran shekara: mata arba'in, wata goma sha ɗaya, layi ɗari huɗu da arba'in, kowace rana daidai, babu kuskure ko ɗaya.

Hajiya ta daɗe tana kallon jadawalin. Na sa hannu zan share, ta riƙe ni.

"Tashi, Malama. Auta, zauna. Kai za ka share."

Ya zauna. Ya duba tsawon jerin, ya gangara ƙasa, ya sake hawowa. Sai ya matso kusa da ni ya rage murya, wai kada ta ji.

"Malama, ba akwai wani shiryayyen umarni da ke share su gaba ɗaya ba?"

"Akwai," na ce. "Layi ɗaya ne."

"A'a," in ji Hajiya. Ta jawo kujera ta zauna a gefensa, ta ɗora jakarta a cinya. "Da hannunka, ɗaya bayan ɗaya. Kuma kafin ka share kowanne, ka karanta min sunan matar da adadin tsakinta, in ji da kunnena."

Ya dubi fuskarta, ya juya ga kwamfutar. Ya karanta na farko, kukan tsaki ya danne muryarsa.

"Ban ji ba," ta ce. "Ɗaga murya."